Ƙwaya Ashirin a Kan Tsumma

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewar 'yar'uwarta. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da duk wanda ke gidan. Yaya gwiwar taki, tana barinki ki durƙusa kuwa? Yaya zafi a wajenku? Mu muna nan yadda kika bar mu bara, sai godiyar Allah.

Saƙon da kika ba Direba ya iso, Allah Ya saka da alheri. Maigidana, Mai Gona, ya ce in gaishe ki, in kuma faɗa miki waken nan an cire shi bai gama bushewa ba. Kin san halinsa, ƙafa kawai suka yanke masa, baki yana nan da tsawonsa.

Jikin nasa kuwa, dungun hagu ya warke sarai, ba ya damunsa sai in hadari zai haɗo. Ta daman ce ta ƙi. Gyambon cinyar nan shekara uku ke nan yana rufewa yana buɗewa. Likita ya ce akwai guntun ƙarfe da ya maƙale a ƙashi tun ranar da nakiyar ta tashi da shi a wajen yaƙi, ba ya ciruwa. Ni nake wankewa safe da yamma, Nas tana hawowa sau biyu a mako ta duba. Shi ya sa yanzu ya daina ce min Auta, sai Likita. Sau ɗaya a wata maza huɗu suke sauka da shi a kan kujera zuwa asibiti, matakala arba'in da ɗaya, yana rufe fuska da hula har a kai ƙasa. Na sake tambayar likita ko za mu iya komawa gida. Ya ce in muka yi nisan kwana biyu da asibiti ƙafar ba za ta kai wata ba, wataƙila har mai ita. To kin ji. Mu da muka zo da niyyar wata uku.

Tagarmu bango take kallo, bangon gidan da ke bayanmu, in na miƙa tsintsiya sai ta taɓa shi. Sai ya kwanta rigingine ya karkata kai sannan yake ganin sama, ita ma ba ta fi faɗin tafin hannu biyu ba. Da wannan ɗan tsagin yake duban gari. Mutanen gidan nan Kofur suke ce masa, ba ya amsawa. Ya ce wata goma sha ɗaya ya yi yana soja, shekara talatin yana noma, don me za a kira shi da ƙaramin aikin.

Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin tuna jar dawar gidansu da suke ce wa Ta Kaka, mai gajeren wuya, wadda fari ba ya razana ta? Shekarar da aka kawo shi asibiti, marigayi surukina ya aiko masa da ita cikin babban gwangwanin madara, an cuɗe ta da toka, ya ce a faɗa masa ya tashi ya zo ya shuka da hannunsa. Bayan wata biyar tsohon ya rasu, ba mu samu zuwa ba. Ƙanen Mai Gona ya koma irin kanti, abin da ya rage a rumbu suka cinye. Na sa an bincika min, babu wanda ya ajiye ko zangarniya ɗaya. Ke nan abin da ke ƙarƙashin gadonmu shi ne ƙarshenta.

Kowace safiya sai ya jawo gwangwanin ya tsoma hannu a ciki, ya ɗan juya, ya rufe ya mayar. Duk shekara kuma in damina ta kusa yana gwada irin kamar yadda ubansa ya koya masa. Yakan ƙirga ƙwaya ashirin, ya jera a jiƙaƙƙen tsumma cikin faranti, ya kife da wani farantin, bayan kwana biyar ya buɗe ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Shekarar farko sha tara suka fito. Bara sha huɗu. Shekaranjiya ya buɗe, Yaya, bakwai.

Ya daɗe yana kallon farantin, sai ya ce laifin tsummana ne, wai da sauran sabulu a jikinsa, zai sake gwadawa. Na ce masa mu aika miki ki shuka mana ko layi biyar ne, in ya warke ya tarar da sabon iri. Ya ce Baba bai ce a aika wa Yaya ba, cewa ya yi da hannunka. Ya ce sai baɗi. Bara ma baɗi ya ce. Da na matsa sai ya juya fuska bango, ya ce ashe ni ma na gama yanke cewa ba zai tashi ba.

Ke 'yar manomi ce kamar ni, kin san irin da ya sauko bakwai bana, baɗi sai dai a watsa wa kaji. Allah bai bar mana 'ya'yan da Ya ba mu ba, su biyun duk sun riga mu. In dawar nan ta mutu a gwangwani ban san abin da zai rage na gidansu ba. In kuma na raba shi da ita, ban san me zai tsoma wa hannu da safe ba. Ki faɗa min yadda zan yi, don kaina ya ƙulle.

Ki gaida maigidanki da kyau. Allah Ya bar mu tare.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina yi miki barka da warhaka, da fatan kuna lafiya gaba ɗaya. Na ji daɗi da kika ce gwiwar ta yi sauƙi, amma ki rage ɗaukar ruwa.

Amsarki ta iso, na karanta har sau uku. Kin ce in yi haƙuri in ci gaba da lallashinsa, kada in yi komai a bayan idonsa. Gaskiya kika faɗa, kuma ban bi ba. Matashin kan da Direba zai miƙa miki tare da takardar nan, ba auduga ba ce a ciki. Ki farke ɗinkin a hankali. Ta Kaka ce, gaba ɗayanta.

Kwana uku na yi ina zaga kasuwa, da ƙwaya biyar ɗaure a bakin zanena, ina gwadawa da ta masu hatsi. Wata ta cika duhu, wata ta cika ƙanƙanta. A rana ta uku na samu wadda ta yi kama da ita, sabuwa fes, mai sheƙi. Na kai shagon Mai Ɗinki, matar nan da ke ƙasan bene, muka baza a tire muna tsincewa ɗaya bayan ɗaya, muna fitar da duk mai tabo. Tana ta yi min dariya, wai ita ta ga masu satar zinariya, ba ta taɓa ganin ɓarauniyar dawa mai biyan diyya ba. Da ta ga hawaye na ɗiga a tiren sai ta jawo kekenta ta ɗinka min matashin.

Ranar Laraba da aka zo sauka da shi asibiti na ce kaina yana ciwo, ba zan bi su ba. Cikin shekara uku ban taɓa fashin rakiya ba sai ranar. Ya leƙo ta ƙarƙashin hular ya ce ashe likita ma yana ciwo. Ina jin takunsu yana nisa a matakala na durƙusa na jawo gwangwanin. Garin sauri har na zubar da toka a tabarma. Na juye tasa, na tankaɗe tokar, na cuɗe sabuwar da ita, na cika daidai inda tsatsa ta yi layi a ciki. Na mayar da shi yadda yake ajiyewa, rubutun yana kallon bango.

Washegari da ya jawo shi na juya baya ina goge risho, wanda na riga na goge. Na ji hannunsa ya shiga. Ya daɗe a ciki fiye da kullum, ko kuwa ni ce na ga haka. Ya ce in kawo sabon tsumma in ɗauraye a gabansa sau uku, ya jera ƙwayarsa ashirin ya kife. Na ce a raina ai ko da yawa suka fito zai ce ga shi nan, da ma tsummana ne, ya ji daɗi.

Roƙona gare ki, ki shuka ta a ƙuryar gonarki ta wajen rijiya, nesa da sauran dawa don kada ta gauraya. Kada ki faɗa wa ƙanensa, kin san bakinsa ba shi da marfi.

Ban taɓa ɓoye masa ko allura ba, Yaya. Yanzu ɗakin nan da da ma ba ya isarmu, mu uku ne a ciki, ni da shi da abin da na yi. Ki yafe min rashin jin maganarki, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, Direba zai tashi da azahar.

Ya buɗe farantin. Ashirin suka fito, Yaya, ashirin cif, babu wadda ta yi fashi. Ta Kaka ko tana da ƙuruciyarta sha tara ta ba shi. Da na saya masa tsohuwar dawa mai ƙwari da wataƙila na tsira, amma ni uwar iyawa na je na zaɓo wadda ta fi kowacce lafiya, na zauna na tsince ta. Zuciyata ba ta ba ni in zuba masa mummuna a gwangwani ba, ko da ta ƙarya ce. Ba wannan kaɗai ba. Ashe Ta Kaka in ta tsiro da jan kai take fitowa, kamar an ɗiga mata jini. Waɗannan farare ne tas. Shekara uku ina kawo masa farantin, ban taɓa kallon tsiron ba, fuskarsa nake kallo.

Ya ɗaga farantin wajen hasken taga, ya ƙirga da ɗan yatsa har sau biyu. Sai ya ce, Likita, wannan tsumma naki har tsoho yake mayarwa yaro, ki naɗe min ƙafa da shi mu gani. Na yi dariya don ban san me zan yi ba. Shi bai yi ba. Ya miƙo min farantin ya ce in zubar.

Yau kwana tara ke nan bai taɓa gwangwanin ba. Bai yi min faɗa ba, bai tambaye ni komai ba. Ina ma ya zage ni. In na wanke masa ciwo sai ya ce na gode, kamar yadda yake ce wa Nas. In na kawo abinci ya ci loma uku ya ture. Ɗakin taku huɗu ne zuwa ƙofa, babu inda zan kai idona da ba zai faɗa kansa ba, shi kuma babu inda zai je ya huce. Can gida in na ɓata masa rai fartanya yake ɗauka ya fita, ya dawo da yamma ya manta. Nan sai dai ya juya wa bango, ni in fita matakala in zauna har ƙafata ta yi sanyi. Sau nawa na buɗe baki in faɗa masa, sai in tuna abin da ya ce, cewa na gama yanke ba zai tashi ba. Ai abin da hannuna ya faɗa ke nan.

Jiya da hantsi dungun ya fara masa zugi, ya ce in hau rufin bene in dubo ta ina hadari ya taso. Na dawo na ce ta gabas. Kafin la'asar ruwa ya sauko, ƙamshin ƙasa ya shigo ta tagar nan duk da bangon. Ya kwanta ido rufe yana shaƙa. Can sai ya fara magana, ba da ni ba, da bango. Ya ce da a ce shi ne yake da tsohon iri wanda ya sauko bakwai cikin ashirin, ba zai shuka a ruwan farko ba, ruwan farko mayaudari ne, zai jira na biyu wanda ya jiƙa ƙasa tsawon hannu. Ya ce ba zai sa ƙwaya huɗu a rami ba, goma zai sa, kuma ba zai zurfafa ba, tsohon iri ba shi da ƙarfin ture ƙasa mai yawa. Ya ce ba zai juye duka a ƙasa rana ɗaya ba, zai rage kashi ɗaya cikin uku saboda gyara inda ya ƙi. Ya ce kuma ba zai bar kaji su san hanya ba.

Na jawo takarda a gabansa ina rubutawa. Yana jin ƙarar biro, sai ya dakata in ina rubutu, ya ci gaba in na ɗaga kai. Da ya gama ya ce wa nake rubuta wa haka. Na ce ke. Ya ce in gaishe ki.

Don Allah ki bi abin da bangon nan ya ji, kalma da kalma. In kin riga kin shuka, ki sanar da ni.

Taki kullum,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Yaya damina, yaya aiki? Ina fata ruwa yana yi muku yadda kuke so, kuma kowa lafiya. Takardunki uku duk sun iso. Na yi shiru ne don hannuna bai huta ba.

Dabarar da kika yi ta yi kyau, da kika rubuta wai wata maƙwabciyarki ce ta samu tsohon iri ta shuka. Haka nake karanta masa da ƙarfi. Ranar da na karanta cewa ramukan maƙwabciya sun tsiro, uku a nan, biyu a can, duk da jan kai, ya ja hula ya rufe fuska kamar za a sauka da shi matakala. Ya daɗe a haka. Da ya buɗe ya ce yunwa yake ji. Yanzu duk ranar da Direba zai zo tun safe yake tambayata ko akwai labarin maƙwabciyar Yaya. Ya ce a faɗa mata ta rage su zuwa biyu a rami, ta cire sauran da hannu bayan ruwa, ta dasa inda ya ƙi. Ya ce ta yi maimai, wato noma na biyu, kafin dawa ta yi ciki. Ya ce kuma a nasa ganin matar nan tana da rowar taki. Kada ki ji haushi, maƙwabciya yake nufi.

Jikin kuwa ba daɗi. Gyambon ya canja launi, yana wari duk yadda na wanke, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Likita ya ce sai an yanke ta daman ma, daga baya da suka sake dubawa ya ce abin ya haura inda wuƙa za ta kai. A ƙofar ofishinsa ya faɗa min, ya ce in riƙa ba shi duk abin da yake so. Ban faɗa wa Mai Gona ba. Wannan ma ina jin ya sani. Mun zama gwanayen sanin abu mu yi shiru, ni da shi.

Makon jiya ina goge masa jiki ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba, na ranar da abin ya same shi. Ya ce an ce su ratsa wata gona da masu ita suka gudu suka bari. Shukar ba ta fi kwana goma ba, ta fito layi-layi gwanin kyau, baƙar ƙasa ce mai danshi. Masu duba nakiya sun bi ta tsakiyar gonar sun ce nan ne lafiya, kowa ya bi sawunsu. Su talatin suka shiga suna tattake tsiron da manyan takalma. Shi ya ce ƙafarsa ta ƙi. Tun yana yaro ubansa ke dukansa a kan taka shuka, bai ma yi tunani ba ya ga kansa ya koma gefe yana bin iyakar gona, kamar yadda kowane manomi yake yi. A nan aka binne nakiyar. Ya ce su talatin da suka taka abincin mutane duk sun fita da ƙafafunsu. Ya yi 'yar dariya, ya ce har yau in ya tuna ba ƙarar yake fara ji ba, tunani yake yi ko mai gonar ya dawo ya yi noman farko.

Na ci gaba da matse tsumma. Sai ya kamo hannuna ya riƙe, rabon da ya yi haka tun kafin ranar farantin.

Yaya, kin ce ta fitar da kai. Zangarniyar da ta fara nuna, ko ɗaya ce, ki yanko ki ba Direba ranar. Kada ki jira a yi girbi. Ba na jin muna da lokacin jira.

Ki gaida maigidanki, ki ce ina godiya da gadin tsuntsaye da yake yi. Allah Ya ba da lada.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma amsa gaisuwar da kuka aiko, ke da maigidanki da duk waɗanda kika lissafa. Allah Ya saka wa kowa. Na san gwiwa da girbi ne suka hana ki zuwa, kada ki sa wa ranki komai. Ina fata kuna lafiya. Ni ma da sauƙi.

Kin ce in faɗa miki ko zangarniyar ta iske shi da rai. Ta iske shi, Yaya, da kwana biyu.

Direba da kansa ya hawo da ita, naɗe a takarda, yana haki. Lokacin Mai Gona ba ya iya tashi zaune, sai na tallafo shi da ƙirjina. Na sa masa ita a hannu. Ya shafa ta daga wuya zuwa kai, ya auna nauyinta a tafinsa, ya kai hanci. Ya ɓare ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori ya ciza. Sai ya ce maƙwabciyar Yaya ta makara da maimai da kamar mako guda. Na ce zan faɗa mata. Ya ce amma ita ce, Ta Kaka ce.

Nan na kasa. Na ce Mai Gona, ka yafe min, ni ce. Ya ce shi tun safiyar da ya tsoma hannu ya sani, tasa ta saba da hannunsa, wannan baƙuwa ce mai santsi. Ya ce kwana taran nan da ya yi ba ya magana, uku na farko ne kawai nawa, sauran da kansa yake faɗa, don ya ga ya kusa kashe dawar ubansa a gwangwani saboda kada a ce ya kasa. Ya ce da ya je wa Baba da wane baki. Sai ya ce, Auta. Rabona da jin sunan nan a bakinsa shekara biyu. Ya ce, Auta, wannan ta kasuwar da kika ajiye mana a ƙarƙashin gado wata biyar muna kallo, ki juye ki dafa mana, ai ta sha toka ta isa.

Na wanke ta ruwa biyar na dafa. Ya ci cokali biyu, ya ce ɓarauniyar ta iya zaɓe. Ya sa na goge gwangwanin, ya saka zangarniyar a ciki da hannunsa, ya rufe. Ranar Asabar da hantsi ina shanya a taga na ji numfashinsa ya canja. Kafin Nas ta hawo ya cika. Mazan nan huɗu su suka sauka da shi, wannan karon babu kujera. Na tsaya a ƙofa ina ƙirga takunsu, har arba'in da ɗaya.

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Mai Ɗinki tana hawo min da abinci, tana faɗa in ban ci ba. Abin mamaki, Yaya, shekara uku ina mafarkin ranar da zan bar ɗakin nan, yanzu babu gyambon da zan wanke, babu likitan da zai hana, amma ko matakala ban taka ba. Da safe sai in tsinci kaina na ɗora ruwan zafi na jiƙa auduga. Na gwada kwanciya a gefensa na gado na karkata kai in ga abin da yake gani. Ɗan tsagin nan ne kawai. Ban san yadda ya yi ya san duk ranar da za a yi ruwa ba.

Ga saƙonsa na ƙarshe ga maƙwabciya, ya sa na maimaita sau biyu don kada in manta. Kada a zaɓi iri a masussuka. A shiga gona tun tana tsaye, a zaɓi kawunan da suka fi cika daga tsakiya, ba na gefe ba, a ɗaure su dabam a rataye inda hayaƙi ke kaiwa. Ya ce kuma kada a sake tara ta a hannu ɗaya. A raba gida uku, ke, da ƙanensa ko bai so ba, da duk wanda ya roƙa.

Makon jiya na ɓare ƙwaya ashirin daga zangarniyar, na jera a tsumma, na kife. Ban san ko na yi daidai ba, na dai yi yadda na ga yana yi. Yau da safe kwana biyar suka cika, na buɗe. Sha tara, Yaya, duk da jan kai. Na juya da farantin a hannu in nuna masa.

Na rasa wanda zan faɗa wa, shi ne na rubuto miki.

In kun gama girbi ki turo maigidanki ya zo ya tafi da ni, don ni kaɗai ba na jin zan iya sauka. Kayana ba su da yawa, gwangwanin a cinyata zan riƙe. Ki bar min layin da ke wajen rijiya, baɗi ni zan shuka.

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan iyayenmu, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta